Hajo da Ƙaguwar Ikko

A Zangon Barebari aka haifi Hajo, a gidan Malam Babagana, marubucin Alƙur'ani wanda kakansa ya zo daga Barno bai koma ba. Malam bai samu ɗa namiji da wuri ba, don haka ita yake zaunarwa a gefen buzunsa tana dama masa tawada tana fere alƙalami. Kafin ta shekara goma sha biyu tana karanta ajami kamar ruwa, tana kuma rubutawa. A wurin mahaifiyarta kuwa ta koyi haɗa turaren wuta. Ta san yadda ake soya farcen turare a kashe masa ƙarni, ta san kajiji mai kyau tun kafin a kwance ƙullin. Da waɗannan biyun ta tare a Zaitawa, gidan mijinta Isyaku.

Isyaku maɗinkin manyan riguna ne, aikin hannu. Mutum ne marar hayaniya, in ya sunkuya a kan aska takwas sai a yi sallama uku bai ji ba. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, ƙanin mahaifin, Baffa Ilu, shi ke riƙe da gidan. Akwai kuma tsohuwar Isyaku, wadda kowa ke kira Gwaggo.

Akwai wani suna da ba a ambata a gidan, sunan Nata'ala, wan Isyaku. Hajo ta riski ƙarshensa a shekararta ta farko. Abin ya fara ne da zama a bayan rumbu yana kallon jerin tururuwa, yini guda. Sai ya fara ba da labarinsu, wai suna da alƙali, wai sun gaishe shi. Daga nan ya bar wanka, ya bar salla, ya fara duka. Baffa Ilu ya kai shi wani ƙauye a kudancin birni wurin mai maganin mahaukata, aka sa ƙafarsa a turu. Hajo na tsaye a ƙofar ɗakinta ranar da aka fitar da shi, an ɗaure masa hannuwa da rawaninsa. Bayan wata bakwai aka aiko cewa ya rasu.

A shekarar 1954 idon Isyaku ya fara zubar ruwa, allura ta gagare shi. Aka ba shi shawara ya huta da ɗinki. Da yake ba mai son zaman banza ba ne, sai ya bi 'yan goro zuwa Ikko, ya samu aikin gadi a wani gidan katako a bakin ruwa. Ya bar Hajo da 'yan biyu, Hasana da Husaina, lokacin sun fara tafiya.

Wasiƙunsa ta hannun 'yan goro suke zuwa, kuma da yake Hajo na karatu, ba mai karanta mata. Uku na farko duk gaisuwa ce da labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Ta huɗun ce ta zo dabam, takarda biyu cike gaba da baya.

"Uwar biyu," ya rubuta, "ruwan nan da nake gadi a bakinsa yana janyewa sau biyu a yini ya bar taɓo, sannan ya dawo. In ya janye sai wata irin ƙaguwa ta fito daga ramuka, dubbai. Ba irin ta rafinmu ba ce. Namijin yana da hannu ɗaya ƙato, ya kusa kai girman jikinsa, ɗayan kuma ƙarami kamar tsinke. Da ƙaramin yake cin abinci. Ƙaton ba ya ci da shi, kira yake yi da shi. Yakan tsaya a bakin raminsa ya yi ɗage, ya ɗaga hannun ya sauke, kamar mai yafuto wani daga nesa. Matan yake kira. Macen takan zo ta leƙa ramin wannan ta fito, ta leƙa na wancan, har gida biyar ko shida. Wanda ya yi mata sai ta shiga, shi kuma ya toshe ƙofar da taɓo."

Hajo ta yi dariya da farko. Ta sake karantawa, dariyar ta tsaya. Ta naɗe takardar ta tura ƙarƙashin tasoshinta. Da Gwaggo ta tambayi abin da ya ce, sai ta ce yana gaida kowa.

Ta biyar ta fi ta huɗu. Ya ce ba su kaɗai ke zaune a taɓon ba. Akwai wata baƙar ƙaguwa mai kusurwa huɗu da ke zama a inuwa, cikin saiwoyin itatuwa, ba ta fitowa fili. Akwai wata babba shuɗiya can sama a busasshiyar ƙasa, wadda mutanen wurin ke kamawa su ci. Akwai kuma wani kifi mai idanu a tsakar ka, yana tafiya a kan taɓo da ƙafafun gaba, har saiwa yake hawa. Kowa da yankinsa. In baƙar ta ratso ta cikinsu, masu hannun ba sa kiranta, sai dai su kauce ko su tare ta, amma ƙananan maza da ba su yi wayo ba har ganye suke yafutowa in iska ta kaɗo shi. In balbela ta sauko, kifin ne ke fara tsalle, su kuma da sun ga ya yi tsalle sai kowa ya faɗa rami, wurin ya zama kamar an share. A ƙarshe ya ce wani Bayarabe malamin makaranta da ke zuwa duba su ran Asabar ya ga yana kallonsu, ya roƙe shi ya riƙa lura masa da su sauran ranakun, yana rubuta abin da ya gani.

Kifi mai tafiya a ƙasa. Ruwa mai tafiya ya dawo. Hajo ba ta taɓa fita ganuwa ba sai sau biyu, ba ta da ma'aunin da za ta auna waɗannan maganganu. Abin da ta sani shi ne yadda na Nata'ala ya fara. Ranar ta ɗora sukari a wuta za ta haɗa turare, ta tsaya tana kallon bango har ya ƙone ƙurmus.

Wata takwas tana ɓoye wasiƙun. Ta rame, Gwaggo ta yi zaton ciwon shawara ne, ta riƙa dafa mata saiwoyi. Ta yi tunanin kai wa mahaifinta maganar, ta fasa, don ta san Malam ba ya riƙe abin da ya shafi gidan wani, zai taka ya gaya wa Baffa Ilu. In an yi sallama a zaure sai gabanta ya faɗi. Ta fara amsa wasiƙun da tambayoyi na gwaji: wace rana aka yi sunan 'yan biyu, wa ya yanka ragon. Amsoshin suka zo daidai, har yana tambayar ko lafiya take irin wannan tambaya. Sannan ya ci gaba da labarin ƙaguwa.

Asirin bai tonu ta hannunta ba. Alhaji Umar mai goro, maƙwabcinsu a unguwa, shi ya dawo daga Ikko ya zauna a rumfarsa a Kasuwar Kurmi ya ba da labari. Ya ce ya je kai wa Isyaku saƙo da rana tsaka, ya same shi zaune a kan guntun katako cikin taɓo, ba takalmi, ya ba alƙibla baya, yana jan carbi yana kallon ƙasa. Ya yi sallama, Isyaku ya ɗaga masa hannu wai ya yi shiru. Can kuma sai ya ga yana ɗaga dantse yana saukewa shi kaɗai. Kafin la'asar maganar ta iso Zaitawa.

Kwana biyu gidan shiru. A rana ta uku Gwaggo ta shigo ɗakin Hajo da hantsi, ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba yi ba.

"'Yar Malam," ta ce, "an yanke magana. Alhaji Umar zai koma jibi. Zai ce da shi ba ni da lafiya, ina neman ganinsa."

"To in ya zo fa, Gwaggo?"

Tsohuwar ta kalli tafin hannunta. "An aika ƙauyen nan. Za su turo mutum biyu su jira shi."

Hajo ta durƙusa. "Gwaggo, turu?"

"Ni na haife su duka biyun. Kina tsammani ina so ne? Amma gara a nan kusa da a ce ya bi titi tsirara a garin da ba wanda ya san ubansa." Ta share ido da bakin zane. "Ke da yake rubuto miki, ba ki ga komai ba?"

Hajo ta ce ba ta ga komai ba. Wannan ce ƙarya ta ƙarshe da ta yi wa tsohuwar.

Da Gwaggo ta fita, ta turo ƙofa, ta zaro wasiƙun duka goma sha ɗaya ta shimfiɗa a tabarma. Abu biyu ne a gabanta, kowanne da ramin da za ta faɗa. In lafiyarsa ƙalau ta yi shiru, ta sa hannu an kai shi turu. In kuwa ciwon ne da gaske ta gargaɗe shi, zai ƙi zuwa, ya lalace a can, alhakin yana wuyanta.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mahaifinta ke duba rubutun ɗalibi. Layukan a miƙe suke. Wasullan suna nan inda ya kamata. A ta tara ta tsaya. Ya rubuta: "Abin da na gaya miki a watan Rajab cewa kullum suke kira, kuskure na yi. Na duba abin da na rubuta, na ga sun fi yi in wata ya kusa cika, da kuma in ya kusa ɓata. Haka kuma na ce maza kullum faɗa suke, shi ma ba daidai ba ne. Maƙwabcin da suka saba ba su cika faɗa da shi ba, baƙo mai neman ƙwace rami suke yi wa taron dangi." Hajo ta tuna Nata'ala. A duk surutansa ba ta taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Wannan bai zama hujja ba, ta sani. Amma shi kaɗai ta samu.

Ta ɗauki alƙalami. "Gwaggo lafiyarta lau. An ce ka taɓu, an shirya maka abin da aka yi wa Yaya. Ni ban sani ba, Allah ne ya sani. In abin da kake rubuto mini gaskiya ne, kada ka zo hannu rabbana, ka zo da shi a gani da ido." Ta naɗe takardar ƙanƙanuwa, ta cusa a tsakiyar ƙullin turaren wuta, ta ba Gwaggo ta ce a ba Alhaji Umar ya kai masa tsaraba. Alhaji ya ɗauki saƙonnin biyu bai sani ba.

Kwana goma sha shida ta jira. In jirgin ƙasa ya yi kuka daga wajen gari sai ta ajiye abin da ke hannunta. Mutanen ƙauyen sun iso tun kwana na goma, ƙarti biyu masu sanyin magana, aka sauke su a zaure. Ita ke dafa tuwon da ake kai musu.

Ran Talata da azahar Isyaku ya iso. Ta hango shi ta kafar zana: ya yi baƙi, ya rame, ƙafafunsa duk faso. Ɗan dako na biye da shi ɗauke da garwar kananzir an rufe ta da jiƙaƙƙen buhu, shi kuma yana rungume da wani tulun kwalba cike da ruwan gishirin can. Ba a bar shi ya shiga cikin gida ba. Hajo ta laɓe a soron ciki tana ji.

Bayan gaisuwa Baffa Ilu ya ce, "Isyaku, ba ka tambayi jikin tsohuwarka ba."

"Na san lafiyarta lau, Baffa. Na kuma san dalilin kiran."

Limamin unguwa, wanda aka gayyato don ya zama shaida, ya yi gyaran murya.

"To tunda ka sani," in ji Baffa, "Alhaji ya gan ka kana jan carbi ka ba gabas baya. Wa kake kira?"

"Ba kowa. Ƙirga nake yi. Malamin da nake yi wa aiki yana son sanin sau nawa namiji ke ɗaga hannu kafin mace ta zo. Ba ni da abin ƙirga sai carbin."

"Hannun da kake ɗagawa kai kaɗai fa?"

"Ina gwada yadda yake yi ne don in iya kwatanta masa. Ga takardar da ya ba ni."

Baffa ya juya takardar, rubutun Turanci ne. Ya ajiye ta a gefe. "Takarda ko a bola ana tsinta. Me ke cikin garwar?"

Da aka ɗaga buhun, wari ya cika zauren har inda Hajo take. Taɓo ne da ƙaguwoyi a ciki. Goma sha biyu ya ɗebo, bakwai sun mutu a jirgi. Ya tsamo guda daga cikin masu ran ya ɗora a tafin hannu, aka matso ana kallon ƙaton hannun. Liman ya yi tasbihi. Alhaji Umar ya ce shi ma ya sha ganin irinsu suna gudu a bakin ruwa, wannan ba abin musu ba ne, amma a shekara ashirin da yake zuwa Ikko bai taɓa ganin ƙwaro ya yafuto matarsa ba.

"Sa shi ya yi mu gani," in ji Baffa.

"Ba zai yi yanzu ba. Sai ya haƙa rami, ya samu rana, ya daina jin tsoro. Kuma yau sha ɗaya ga wata, sun fi yi wajen sha huɗu."

Hajo ta runtse ido. Ko ita da ke son ta yarda, maganar ta yi mata kama da ta masu cewa aljaninsu ba ya zuwa sai ran Laraba. Ta ji ɗaya daga cikin baƙin ya motsa. Liman ne ya ce kwana uku ba su da yawa a kan ran mutum. Baffa ya ce, "Juma'a, bayan an sauko. Baƙi suna nan."

Hajo ta ba da babban daron da take wanki a ciki. Isyaku ya juye taɓon, ya tara shi gefe guda ya yi gangare, ya ajiye a kusurwar tsakar gida inda rana ke daɗewa. Da safe ya zuba ruwan kwalbar har ya rufe taɓon, in an jima ya kwashe da ludayi ya mayar, da yamma ya sake. Wai yana yi musu irin na can ne. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa aron abin da ba sa bukata, su tsaya su ga magidanci tsugune yana zuba ruwa yana kwashewa, su fita suna girgiza kai.

Ƙaguwoyin sun haƙa ramuka tun ran Laraba, amma da inuwa ta gifta sai su shige. Gida mai mutum sha tara ba ya rasa motsi. Da yamma kaza ta sure namiji guda. Saura maza biyu, mata biyu.

Ran Alhamis ruwan ya kusa ƙarewa, abin da ya rage ya yi kauri ya fara wari. Isyaku ya ce na rijiya zalla zai kashe su. Hajo ta ɗiga na kwalbar a harshenta, ta riƙe ɗanɗanon, ta ɗebo na rijiya ta riƙa barbaɗa gishiri kaɗan-kaɗan tana ɗanɗanawa, har sau bakwai, kafin ta ce ya yi. Sannan ta roƙi wata tsohuwa ta goya Husaina, ta ja Hasana, ta kai su Zangon Barebari don a rage motsi. Ta kama kajin ta kife da kwando. Ta bi matan gidan ɗaki-ɗaki tana roƙo kada a yi daka sai bayan Juma'a, don Isyaku ya ce bugun turmi na shiga ƙasa su ji. Wata ta ce mata, "Ke ma kin fara ne?" Hajo ta wuce ɗaki na gaba.

Da la'asar ranar suka samu kansu su biyu, ita da Isyaku, a gindin daron. Ta daɗe tana juya maganar kafin ta fito.

"Malam, zan tambaye ka, kada ka yi fushi. Suna yi maka magana?"

Ya ɗago ya dube ta. Ta ga abin ya soke shi.

"Ba sa magana. Ba su ma san ina duniya ba." Ya mai da ido kan taɓon. "Kina tsammani ban tuna Yaya ba? Ranar farko da na ga rana ta karkata ban tashi daga wurin ba, sai da jikina ya yi rawa. Shi ya sa nake rubuta komai. Ran Asabar in malamin ya zo, shi ya ƙirga nasa ni in ƙirga nawa, mu gwada. In sun zo ɗaya sai in samu barci. Shekara goma sha biyar ina kallon zare. Ban san akwai wani abu da Allah ya yi da zan kalla in ji daɗi haka ba. In wannan ne ciwon, to ban san yadda zan gane ba."

Amsar ba ta kwantar mata da hankali ba, sai dai ta gane ba ita kaɗai ke ɗauke da tsoron ba.

Ran Juma'a tun hantsi yake tsugune. Mazan biyu sun fito sun ci taɓo, sun mulmula 'yan dunƙule sun jera a bakin rami, amma ba wanda ya ɗaga hannu. Da lokaci ya yi aka kira shi. Ya yi wanka ya sa farar riga, ya fita masallaci, baƙin nan biyu ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Hajo ta ga an jingina wani dogon ƙulli a bangon zaure, ba ta tambayi abin da ke ciki ba.

Unguwar ta yi tsit kamar yadda take yi duk Juma'a in maza sun tafi. Hajo ta zauna nesa kaɗan da daron, ba don tana sa rai ba. Gwaggo ta fito da tabarmarta ta zauna kusa da ita. Rana na dukan ƙeyarsu.

Mace guda ta fito ta fara tsince taɓo da hannuwanta biyu, tana matsawa gefe-gefe. Sai babban namijin ya fito bakin raminsa. Ya tsaya. Ya miƙe a kan ƙafafunsa, ya buɗe ƙaton hannun, ya ɗaga shi sama, ya sauke. Ya sake. Na biyun ma ya fito daga nasa ramin ya kama, su biyu suna yi kamar masu gasa.

Gwaggo ta damƙi hannun Hajo har farcenta ya shiga. "La ilaha illallahu," ta ce can ƙasa. "'Yar Malam, kiranta yake."

Hajo ba ta yi murna ba tukuna. Mata biyu ne suka gani, uwarsa da matarsa. Da maza sun shigo da takalma da gyaran murya, komai zai shige rami.

Gwaggo ce ta tashi. Tsohuwar da ba ta taɓa taka zaure da maza a ciki ba ta je ta tsaya a bakin ƙofa, lulluɓe, ta jira su. Da suka dawo ta ce da ƙanin mijinta, "Malam Ilu, na gani da idona. Ban roƙe ka komai ba ranar da aka fitar da wancan. Yau ina roƙonka. Ka cire takalmi, ka shigo kai da Liman kaɗai, ku zauna, kada wanda ya yi tari."

Suka shigo. Ƙaguwoyin suka ɓace tun kafin su zauna. Baffa Ilu, mai shekara saba'in, ya zauna a ƙasa cikin rana da rigar Juma'arsa. Isyaku na tsaye a soro tsakanin baƙin, ba ya ganin daron. Hajo na ƙofar madafa tana kallon fuskar Baffa, tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Gumi ya jiƙa rawanin tsohon. Inuwar katanga ta fara tsawo, tana matsowa wajen daron, Hajo kuwa ta san in ta rufe shi an gama. Sau biyu Baffa ya dafa ƙasa zai tashi, Liman ya taɓa gwiwarsa.

Inuwar ta kusa taɓa bakin daron lokacin da ta ga girar Baffa ta ɗaga. Ya sunkuya kaɗan. Ya daɗe a haka. Daga inda take ba ta ganin komai sai leɓen Liman yana motsi.

Baffa ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe riga, ya wuce soro. Ya tsaya a gaban Isyaku.

"Na gani," ya ce. "Ba ƙarya ka yi ba. Amma magidanci da 'ya'ya biyu ya rasa abin yi sai kallon auren ƙwari, wannan ban san sunansa ba." Ya juya wajen baƙin ya ce su yi haƙuri, a ba su goro su kama hanya tun da rana. Liman ya ƙara da cewa carbi ba na wannan ba ne, ya nemi ƙwallon dabino ya riƙa ƙirga da su. Isyaku ya ce to.

Hajo ta shiga madafa ta zauna a kan murhu marar wuta. Sai a lokacin kukan ya zo mata.

Ƙaguwoyin ba su yi kwana goma ba suka mutu, ɗaya bayan ɗaya. Isyaku ya so komawa, Baffa ya hana, aka yi ta ja har Malam Babagana ya sa baki aka bar shi ya je ya ƙarasa abin da ya ɗauka. Ya yi wata bakwai ya dawo a 1956, idon ya yi sauƙi, ya kama ɗinkin hula a wata rumfa a Kurmi. Sunan Isyaku Ƙaguwa ya bi shi har ya mutu, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Akwai gidajen da suka daina sayen turaren Hajo na wani lokaci. Ita ma ba ta taɓa komawa yadda take da ba. In ya yi shiru ya daɗe yana kallon wuri guda, sai ta sami dalilin kiransa, ko ruwa ne ta miƙa masa, don ta ji yadda zai amsa. Bai taɓa taɓuwa ba. Ya rasu da hankalinsa, da furfura.

Baffa Ilu ya gano yadda aka yi Isyaku ya san shirin, don Alhaji Umar ya tuna ƙullin turaren ya faɗa. Bai kira Hajo ya yi mata faɗa ba. Kullum da safe takan durƙusa a ƙofar turakarsa ta gaishe shi, shi kuma ya ci gaba da abin da yake yi kamar ba a yi magana ba. Ba ta fasa ba ko rana ɗaya. Haka suka yi shekara guda da wata huɗu, har ta haifi 'yarta ta uku, Zinariya. Da ta yi arba'in ta fito ta durƙusa kamar kullum. Ya ɗan jima, sannan ya ce, "Lafiya lau. Ya mai jego, ya jaririyar?"